Katakon Akwatin Kaka Afiniki

"...lafiya lau, Anti, sai godiya. To ina amaryata? Ko ta ji ƙarar mota ta gudu bayan rumbu?"

Haka Gershon ya katse gaisuwar da muke yi, yana leƙe ta saman kafaɗata. Ɗan yayana ne, malamin sakandare a Kafanchan. Ni kuwa Hulda, autar Mama Afiniki, ni nake zaune da ita a ƙauye tun da yanar ido ta rufe mata gani. Tsakanin Mama da wannan jikan nata ba a shiga. Ni da ta haifa ban isa in ɗaga mata murya ba, amma shi sai ya zage ta tas, ita ma ta wanke shi soso da sabulu, su tashi suna dariya, ni a bar ni da ciwon kai.

Tana zaune a gindin mangwaro, ta juyo da kunnenta wajen muryarsa.

"Waye wannan yana neman amarya hannu banza?"

"Mijinki ne. Na zo da mota in kai ki birni a wanke miki ido, ki ga irin kyakkyawan da Allah ya ba ki."

"Mota? Abin nan da na ji yana tari tun daga gangaren coci? Ni na ce injin niƙan Meshak ne ya tsinke ya kama hanya."

"Kaka, fowil ce. Ƙafa huɗu duk suna ja. Dutse take hawa."

"Akuya ma ƙafa huɗu ne, kuma ba ya shan fetur."

Tsohuwar jif ce mai tsayin ƙafa, fentinta duk ya koɗe. Gershon yana gaya wa mutane wai don kwasar citta ya saye ta, amma ni na san don Mama ne. Da damina ƙaramar mota ba ta shigowa ƙauyenmu, Mama kuwa tun da ta faɗo daga kan mashin ta goce ƙugu ta rantse ba ta ƙara hawa. Ga shi likitocin ido sun sauka a Kafanchan, washegari da safe za su yi aikin ƙarshe su tattara su tafi. In Mama ba ta kwana a gari ranar ba, sai dai ta ci gaba da laluben bango. Ni na yi roƙon duniya ta ƙi, har na yi fushi na daina.

"Tashi ki ɗaura zane," in ji Gershon. "Likita na jira."

"Ya jira uwarsa. Me ya rage da ban gani ba? Na ga jirgin ƙasa lokacin da yake jirgin ƙasa. Na ga ubanka tsirara. Kayana a shirye suke, hanya ɗaya nake jira, kuma ba hanyan Kafanchan ba ne."

Kayan da take nufi kowa a garin ya san su. Kafin mahaifinmu Baba Kumai ya rasu, ya sa an sare wani babban maɗaci a gonarsa, aka yanka shi katako masu kauri, ya raba biyu. Rabi aka yi masa akwatin gawa da shi. Rabin na Mama ne, yana jingine a ɗakinta a naɗe cikin buhu. Duk rani sai ta sa an fito da shi an shafe shi da baƙin mai saboda gara. Tun da ta daina gani, da safe kafin ta yi addu'a sai ta lalubi katakon nan ta shafa shi.

"Ai katakon nan ɓarna ne a kanki," in ji Gershon. "Ke da ba ki fi kaza nauyi ba, kwalin taliya ya ishe ki. Ki ba ni in yi teburin karatu."

"Ka jira in mutu."

"Tun ina firamare nake jira! Mu jikoki mun gama shiri. Ni zan ɗaura zanenki na zumuntar matan coci, in ɗauki sandarki, in riƙa ɗingishi ina zagin mutane. Kuma zan zauna a bakin kabarin, ba mai sa ki ciki sai an ba ni akuya."

Haka ake yi a wajenmu in tsoho ya cika da shekaru, jikoki su mai da jana'izar wasa, kuma tsofaffin da kansu suna alfahari da haka.

"Akuya? Kai ko ɓera ba za a ba ka ba. Hulda, kawo mini zane. Zan shiga wannan gwangwani, ba don likita ba, don in ji kunyansa da kunnena lokacin da zai mutu a hanya."

Ban tsaya jin dalili ba, na ruga ɗaki kafin ta canza magana.

Aka ɗora ta a gaba, ni a baya da jakarmu. Gaskiya motar ta yi ƙoƙari. Ta bi ta cikin gonakin citta da masara, ta hau kwazazzabo ta sauka, Gershon yana ta hura hanci. Sama ta yi baƙi can kan duwatsu, amma a inda muke rana ce. Da muka iso rafin da ke tsakaninmu da hanyar titi, sai ya taka birki. Inda 'yan mashin suke ƙetarewa akwai gangare mai duwatsu. Da safe ta nan ya shigo, kuma cikin motar ya bugi dutse har haƙoransa suka haɗu.

"In na bi ta nan, ƙugun amaryata zai rabu biyu," ya ce. "Ba wata hanya mai laushi?"

"Ka ga ɗorawa a hannun dama?" in ji Mama.

"Na gani."

"Bi ta gindinsa. Akwai falalen dutse a ƙasan ruwa, shimfiɗe kamar tabarma. Ta nan manyan motoci suke kwasan citta."

Na ce, "Mama, ai tun ambaliyar da aka yi..."

"Rufe mini baki. A rafin nan na wanke ki. Kai direba, kana jin tsoro ne?"

"Ni? Fowil ba ta zaɓen hanya."

Wato wadda ba ta gani ita ke nuna hanya, mai gani kuma yana bi don kada a ce masa matsoraci. Dutsen da Mama ta sani yana nan, ba ta yi ƙarya ba. Amma rabonta da ganin rafin tun kafin ambaliya ta binne dutsen da yashi da laka. Gershon ya ja ƙaramin giya, motar ta shiga ruwa da gadara, ta kai tsakiya, ta ɗan yi gaba kaɗan. Sai muka ji ta zauna a hankali kamar saniyar da ta ƙoshi.

Ya taka totur, tayoyi suka yi ta juyi suna feshin laka. Ya sa ribas, ta ƙara nutsewa. Ya sake gaba, ta karkata gefe. Bututun salansa ya shiga ruwa yana ɓulɓul.

"Mun iso Kafanchan?" in ji Mama.

"Kaka, don Allah."

"Ina tambaya ne, ni ba na gani. Na ji mun tsaya, na ce ko asibiti ne."

"Ina dutsen da kika ce?"

"Yana ƙasa. Ka ci gaba da tonawa, ka kusa kai wa gare shi."

"Wa ya aike ni bin maganar makauniya!"

"Shi ne nima nake mamaki. Mutum da ido biyu da tabarau da digiri! Ƙafa huɗun fa? Duka suna iyo?"

Ya kashe mota, ya naɗe wando ya sauka, laka ta kama shi har gwiwa. Ya zagayo ya buɗe ƙofarta ya juya mata baya.

"Hau in kai ki tudu."

"Amarya ba ya sauka a mota sai an saya bakinsa."

"Zan bar ki a nan kifi su saya."

Ta lalubi wuyansa ta hau. Yana tafe yana zamewa, tana dukan kansa da tafin hannu.

"Yi a hankali, jaki. Na goya ubanka, na goya ka, ban taɓa kai ku ƙasa ba."

"Ashe kina da nauyi haka? Duk naman da ake ɓoyewa a ɗaki ne."

"Zunubanka ne na ɗauka tun kana yaro."

Ya ajiye ta a kan wani dutse a ƙetaren rafin, ta ɓangaren titi, ya cire rigarsa ya shimfiɗa mata. Ni na biyo da jaka a ka.

Allah ya taimake mu, matan zumunta suna noma a gonar coci kusa da wurin, kuma sun ji kukan injin. Shugabarsu Tamar ce ta fara isowa da fartanya a kafaɗa, sauran na biye. Ta aika aka kira Meshak mai injin niƙa, ya zo da maza da shebur da igiya. Ba wanda ya tambayi abin da za a ba shi. Suka gaida Mama, suka yi wa Gershon dariya son ransu, sannan suka faɗa ruwa.

An tone gaban tayoyi. An kwaso duwatsu an cusa, laka ta haɗiye. An saro rassa an shimfiɗa, taya ta murƙushe su ta tofar. Meshak ya ce a sace wa tayoyin iska kaɗan, aka sace, aka tura, ba ta motsa ba. Matsalar ita ce cikin motar ya riga ya zauna daram a kan yashi, dole sai an ɗaga ta. Gershon ya kawo jak ya kafa, amma maimakon mota ta hau sama, jak ɗin ne yake shigewa ƙasa.

Meshak ya miƙe yana share gumi. "Malam, sai katako. Mai kauri, wanda jak zai zauna a kai, taya kuma ya hau. In ba haka ba muna nan har gobe."

"A ɗauko bencin coci mana," in ji Gershon.

"Wane benci?" in ji Tamar. "Ba ku 'yan birni kuka kawo mana kujerun roba ba? Tsofaffin bencin ai sun shiga murhu tun bikin Kirsimeti."

"Ƙofar wani fa?"

"Duk langa-langa ne."

Sai wurin ya yi tsit. Duk wanda ke tsaye a rafin nan ya san inda katako mai kauri yake a ƙauyenmu, kuma ba wanda ya yarda ya kalli wajen Mama. Ni kaina sai na kama gyaran ɗankwali.

Mama ta karkata kai. "Ruwan nan ya canza murya."

Muka duba. Ruwan da yake garai-garai ɗazu ya fara ja, yana tafe da ganye da ƙananan itace. An yi ruwa a kan duwatsu, yana hanya. Wanda ya san rafinmu ya san in ya cika ba ya tambayar mai mota ko mai ƙafa. Ba motar nake ji ba, idon Mama nake ji, domin daga nan zuwa titi tafiya ce da ko mai lafiya sai ya huta a hanya.

"Me ya sa kuka yi shiru kamar an kama ɓarawo?" in ji Mama. "Meshak, je ɗakina. Bayan ƙofa, cikin buhu. Ku kwaso duka."

"A'a," in ji Gershon.

Tun da aka haife shi ban taɓa jin ya yi mata magana da wannan muryar ba. Ba wasa a ciki ko kaɗan.

"Ba mai taɓa katakon nan. Mota ƙarfe ce, ruwa ya tafi da ita. Zan goya ki har titi."

"Kai? Daga mota zuwa nan ma kana nishi kamar mai naƙuda. Za ka kashe ni ka kashe kanka, a rasa wanda zai yi mini rawa."

"Kaka, na Baba ne. Rabinsa yana tare da shi."

"Ni za ka gaya wa? Kana wurin aka sare itacen? Ba kai ne kullum kana bina, ba ni katako, ba ni katako? To na ba ka, ka tsaya kana tsuma."

"Cewa na yi ki mutu tukuna."

"Na fasa."

"Kin fasa me?"

"Mutuwan. Na fasa. Mutum ya saya wannan mugun gwangwani saboda ni, yana ƙarya wai citta, yana tsammani ban sani ba. In bar ruwa ya cinye shi? Kuma ina so in ga fuskan wawan da makauniya ya nuna wa hanya ya bi. Meshak, kana nan har yanzu?"

Meshak bai jira an sake faɗa ba. Shi da mutum biyu suka ƙetare da gudu. Gershon ya juya mana baya yana ta duba jak ɗin da ba abin da ya same shi. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini. Wata da watanni ina roƙon tsohuwar nan da ladabi ban samu ba, ga shi rafi da zagi sun samo mini.

Da katakon ya iso ruwa ya kai cinya. Aka kwance buhun. Baƙin maɗaci ne mai sheƙi, ko tabo babu. Meshak ma sai da ya yi jim kafin ya tsoma na farko a laka. Aka kafa jak a kansa, aka murza, wannan karon mota ce ta tashi. Aka cusa duwatsu, aka zura katako ƙarƙashin taya, aka koma ɗaya gefen aka yi haka. Sauran aka jera su a gaba suka zama hanya. Maza suka ɗaura igiya a gaba suka hau tudu, mata suka jeru a baya da kafaɗa.

"Direba," Mama ta ɗaga murya daga kan dutsenta, "in ka taka totur kamar ɗazu, da sandan nan zan raba ka da kunne. A hankali, kamar kana shiga gidan surukai."

"Ke kika san tuƙi yanzu?"

"Na tuƙa kakanka shekara da shekaru, bai taɓa kafewa ba."

Tamar ta ɗaga waƙar yabo, mata suka amsa, aka tura a kan amshi. Injin ya yi gurnani. Motar ta girgiza, ta ɗaga hanci, ta kama katakon. Sai muka ji ƙara, ƙau! Ɗaya ya tsage daga kai har tsakiya. Na dubi Mama, na ga ta runtse idon da ba ya gani. Amma bakinta bai tsaya ba.

"Ku tura! Wanda ya tsage nawa ne, ba na uban kowa ba!"

Suka tura. Taya ta bar na farko ta hau na biyu, masu igiya suka ja, sai ga jif a kan tudu tana zubar da laka. Guɗa ta tashi. Tamar ta faɗi zaune a ruwa tana dariya. Gershon ya fito, ban da haƙora da tabarau ba abin da ake gani a jikinsa.

Ba a tsaya dogon biki ba, domin mutanenmu sai sun koma ƙetare kafin ruwa ya rufe hanya. Suka tsamo katakon suka jibge mana, Tamar ta yi gajeriyar addu'a a tsaye, ta gode wa Ubangiji da ya riƙe ruwan a kan dutse har muka fita. Gershon ya bi su ɗaya ɗaya yana riƙe hannuwansu.

"Mama Tamar, Baba Meshak, ban san da wane baki zan gode ba."

"Ka dawo mana da ita tana gani," in ji Tamar. "Ta daɗe tana gyara mana waƙa da kunne, bari ta zo ta ga yadda muka tsufa."

Suna hawa tudun can, ruwan ya iso da ƙarfinsa, ja wur, har da kututture. Kafin mu gama ɗaure katakon a saman mota, inda ta zauna ɗazu ya zama tsakiyar kogi. Na tsaya ina kallo, ina ta maimaita godiya a zuciyata.

Muka kama hanya, katakon akwati a sama, mai akwatin a gaba.

"Kin ga dabara," in ji Gershon da muka hau kwalta. "In likita ya yi kuskure, ba sai mun koma gida ɗauko kaya ba."

"Da wannan mai laka za ka binne ni? In je gaban Ubangiji da sawun taya a baya? Su ce mota ne ya taka ni?"

"Sai ki ce fowil ce, za su girmama ki."

An yi aikin washegari, ido ɗaya tukuna, wai ɗayan sai likitocin sun sake dawowa. Da lokacin cire bandejin ya yi, muna tsaye a gabanta ni da Gershon, ya sha wanka ya sa rigar Lahadi. Nas ta ɗaga audugar a hankali. Mama ta yi ta ƙifta ido, hawaye na gangarowa. Ni ta fara kamawa. Ta daɗe tana kallona, ta miƙo hannu ta taɓa gefen kaina.

"Hulda. Yaushe kika yi furfura?"

Ta riƙe hannuna ta matse, ta ce sannu, sannu 'yata. Ban taɓa jin daɗin wata kalma kamar wannan sannun ba.

Sannan ta juya. Ta dubi Gershon daga takalmi har sanƙon da ya fara yi masa sallama.

"Waye wannan?"

"Mijinki ne."

"Kai! Nas, kira likita. Ya mayar mini da yanana. An cuce ni, ashe abin da nake aure ke nan?"

Har marasa lafiyar da ke gadajen gefe sai da suka yi dariya.

A gidan Gershon muka sauka. Ya riga ya sauke katakon ya wanke shi ya jingine a bango, amma sawun taya ya zauna a jikin itacen, tsagar kuma ba ta ɓoyuwa. Mama ta ƙi shiga ɗaki. Ta taka da kanta, ba sanda ba jagora, ta tsaya a gabansa. Ta bi tsagar da yatsa har ƙasa.

"Kaka," in ji Gershon a hankali, "zan nemo miki wani maɗacin. Wanda ya fi wannan."

"Wanda ya fi na Kumai? A ina? Rufe baki kafin ka yi saɓo."

Sannan ta ce, "Na gode, Gershon."

Ba ta ce jaki ba, ba ta ce miji ba, sunansa ta kira. Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ka ci," ta ce. "Kwashe, na ba ka. Amma ba tebur ba, karatunka na gani inda ya kai mu. Ka kai wa kafinta ya yi benci mai tsawo, a ajiye mini a ƙofan gida. Tamar da Meshak da duk wanda ya shiga ruwan nan, in sun zo su zauna in kalle su. Gefen da taya ya taka ya zama sama, kowa ya gani."

"To akwatin fa? In kin tashi tafiya mu sa ki a me?"

"Ba ka ce kwalin taliya ya ishe ni ba? Ka fara tarawa."

"Baba Kumai fa? Yana can yana jiranki."

Mama ta kwashe da dariya har tana dafe idon da aka yi wa aiki.

"Ya jira. Sau nawa ya bar ni tsaye a bakin kasuwa ya tafi hira? Kai dai je ka wanke gwangwaninka, akwai ido ɗaya da ya rage. Kuma wannan karo ni zan nuna hanya."